Asusun ɗalibi ya kulle saboda yawan kuskuren kalmar sirri: yaya ake buɗewa har ya daina kullewa?

Tambaya: Ni malami ne, kuma ni aka ɗora wa kula da dandalin karatu na intanet na makarantarmu. Kusan kullum sai an samu ɗalibin da asusunsa ya kulle don ya yi ta shigar da kalmar sirri ba daidai ba. Wani in na buɗe masa, kafin awa guda ya sake kullewa. Wani kuma in duba ban ga alamar kulle ba, amma ya kasa shiga. Wace hanya ce ta dace?

Amsa: Malam, buɗewar kanta ba ta cin minti ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne gano ƙofar da ta kulle da abin da ya kulle ta, kuma matsalolin nan biyu da ka kawo duk daga nan suka taso. Wanda ya sake kullewa, an buɗe masa ne ba a tsayar da abin da ke buga ƙofar ba. Wanda ba ka ga alamar kullensa ba, a wata ƙofar daban aka tare shi.

Kulle asusu lambobi uku ke tafiyar da shi: yawan kuskuren da aka yarda a yi, tsawon lokacin da ake ƙirga kuskuren a cikinsa, da tsawon lokacin da kullen zai ɗauka. A ce an saita 5, minti 30, minti 30. Ɗalibin da ya yi kuskure sau 5 cikin rabin awa, asusunsa zai rufe na rabin awa. Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne muddin asusu yana kulle, ko kalmar sirrin gaskiya aka shigar ba za ta buɗe ba. Yaro zai tuno kalmarsa a karo na shida, ya rubuta ta daidai, a ƙi shi, sai ya ɗauka ita ma ba ita ba ce, ya shiga gwada wasu har ya rikice gaba ɗaya. Kuma dandali da yawa da gangan suke nuna saƙo iri ɗaya ko kalmar ce ba daidai ba, ko sunan ne babu shi, don kada mai kutse ya gane wane suna ne na gaske. Saboda haka maganar farko da za ka gaya wa duk wanda ya zo ita ce ya dakata da gwaji. Sai ka karɓi abu uku daga gare shi: lokacin da abin ya faru, na'urar da yake amfani da ita, da hoton saƙon da allon ya nuna. Kalmar sirrinsa ba ta cikin abin da za ka tambaya, ko da shi ya miƙo maka ita.

Daga nan sai a gano ƙofar. Ka sa shi ya buɗe shafin shiga a gabanka. Idan ya rubuta suna da kalmar sirri a kan shafin dandalin kansa, to galibi dandalin ne ke riƙe da makulli. Idan kuwa shafin ya tsallaka da shi zuwa na Microsoft ko na Google, ko wani shafin shiga na makaranta, kafin ya dawo da shi, to dandalin karatun bai ma taɓa ganin kalmar sirrin ba, kuma duk binciken da za ka yi a cikinsa ba za ka ga kulle ba. Gwaji mai sauri: ya iya buɗe imel ɗinsa na makaranta? In shi ma ya ƙi, matsalar tana can sama, wajen asusun da ya haɗa komai. Akwai ƙofa ta uku da ake yawan mantawa da ita, wato adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Duk kwamfutocin da ke ɗakin kwamfuta ɗaya sukan fita intanet da adireshi guda. Idan uwar garke, wato babbar kwamfutar da dandalin ke zaune a kanta, tana da kariyar da ke toshe adireshin da kuskure ya yi yawa daga gare shi, kamar Fail2ban wadda saitinta na asali shi ne kuskure 5 cikin minti 10 ya jawo toshewar minti 10, to kuskuren yara biyar mabambanta zai iya rufe wa aji guda hanya. Alamarsa ita ce mutane da yawa su kasa shiga a lokaci ɗaya, sau da yawa ma shafin ya ƙi buɗewa sam, amma wanda ya kashe waifai ya koma kan datar waya ya shige lafiya. Wannan ba a gyara shi a asusun kowa. Mai kula da uwar garke ne zai cire adireshin makarantar daga jerin waɗanda aka toshe, ya sa shi cikin amintattu.

In dandalin karatu na Moodle kuke amfani da shi kuma shi ke tantance kalmar sirri, aikin mai sauƙi ne. Lambobin ukun suna cikin sashen tsaro na shafin gudanarwa, ƙarƙashin saitin tsaron shafi. Yadda Moodle ke zuwa, kullen a kashe yake sai an kunna, kuma lokutan biyu duk minti 30 ne. Idan asusu ya kulle, hanyar buɗewa huɗu ce. Ko a jira lokacin ya cika ya buɗe da kansa, ko ɗalibin ya danna mahaɗin buɗewa da Moodle ke tura masa ta imel, ko ya sabunta kalmar sirri ta hanyar "na manta", ko kai ka shiga jerin masu amfani a sashen asusu, ka nemo sunansa, ka danna alamar buɗewa da ke bayyana a layinsa. Wurare biyu ake tuntuɓe. Na farko, in an sa tsawon kulle a sifili, ma'anarsa ba ya buɗewa da kansa har abada, kuma wasu kan sa sifilin suna zaton sun kashe kullen ne. Na biyu, makarantu da yawa kan ƙirƙiri asusun ɗalibai da adireshin imel na cike gurbi wanda ba kowa ke karanta shi ba, ko kuma ba a saita hanyar fitar da imel daga uwar garke ba. A irin wannan hali mahaɗin buɗewa da na sabunta kalmar sirri duk ba sa isa ko'ina, sai duk nauyin ya dawo kanka. Ko imel ɗin yana aiki, mahaɗin sabunta kalmar sirri minti 30 yake yi a saitin asali kafin ya mutu, don haka wanda ya nema da safe ya danna da yamma sai ya sake nema. A kuma duba akwatin saƙonnin banza, can irin waɗannan saƙonni kan faɗa.

In ta asusun Microsoft ake shiga, labarin ya sauya. Tsarin Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, yana kulle asusu na minti ɗaya bayan kuskure 10, kuma in aka ci gaba da kuskure bayan an buɗe, tsawon kullen yana ƙaruwa. Yana tuna kalmomin kuskure uku na ƙarshe, ta yadda maimaita kalma ɗaya ba ya ƙara ƙirgen. Sannan yana raba ƙirgen wuraren da ya saba ganin mutum da na baƙin wurare, shi ya sa wani lokaci ɗalibi kan shiga daga kwamfutar makaranta amma ya kasa daga wata sabuwar na'ura. Babu maɓallin da mai gudanarwa zai danna ya ɗage wannan kullen. Ko a jira, ko ɗalibin ya sabunta kalmar sirrinsa da kansa in an kunna masa wannan damar. A nan lambar da ke ƙasan saƙon kuskure ita ce abin karantawa: AADSTS50053 na nufin an kulle ko an tare shigar, 50126 suna ko kalmar sirri ba daidai ba, 50055 wa'adin kalmar ya ƙare, 50057 kuwa an dakatar da asusun. Cuta huɗu ke nan masu magani huɗu, kuma ɗalibi duk "an kulle ni" zai ce.

Makarantar da ke da Active Directory, tsarin Microsoft na riƙe asusun masu amfani, a uwar garkenta, a nan ne mai gudanarwa ke da cikakken iko. Ana buɗe bayanan mai asusun a sa alama a akwatin buɗewa, ko a PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, a rubuta Search-ADAccount -LockedOut a ga duk waɗanda ke kulle, sannan Unlock-ADAccount da sunan wanda ake so. Amma abin da ya fi buɗewar daraja shi ne kundin tsaro. Aukuwa mai lamba 4740 tana rubuta lokacin kullen tare da sunan kwamfutar da kuskuren ya fito daga gare ta, 4771 da 4625 kuma suna nuna kowane gwajin da ya faɗi. Idan an haɗa wannan da Entra, a tabbata adadin kuskuren da Active Directory ke jurewa ya ninka na Entra sau biyu ko uku, don kada gwajin da wani ke yi daga intanet ya riƙa kulle yara a cikin makaranta.

Google Classroom ba shi da kalmar sirri tasa, asusun Google na makaranta yake bi. Google ya fi yawan tsayar da mutum da ƙarin tambayar tantancewa ko ya ce a jira, maimakon kulle mai ƙayyadadden adadi. Mai gudanarwa zai iya sabunta kalmar sirri daga shafin gudanarwa, ya kashe tambayar tantancewar na minti 10 don ɗalibin ya samu ya shiga, ko ya fitar masa da lambobin ajiya in wayar da ke karɓar lambar tabbaci ce ta ɓata.

Yanzu ga wanda ke sake kullewa, wanda shi ne asalin ciwon kan. Kusan ko da yaushe akwai wata na'ura da ke riƙe da tsohuwar kalmar sirri tana ta aika ta ba tare da sanin mai ita ba. Ɗalibi ya canja kalmarsa a kwamfuta, amma manhajar imel ta wayarsa tana duba saƙo duk bayan 'yan mintoci da tsohuwar. Ko waifai ɗin makaranta irin wanda ake shiga da suna da kalmar sirri ne, wayar na cikin aljihu tana ƙoƙarin haɗawa duk sanda ya wuce kusa da na'urar waifai. Ko wata kwamfutar da ya taɓa shiga bai fita ba. Ko burauza tana cike masa gurbin da tsohuwar kalma, shi kuma ɗigo-ɗigo kawai yake gani yana danna shiga. Na'ura ba ta gajiya kuma ba ta shakka, don haka za ta cika adadin kuskuren kafin yaron ya koma kujerarsa.

Kundin shiga ne ke fallasa ta. A Moodle yana cikin rahotanni, ka tace da sunan ɗalibin ka nemi gazawar shiga. Duba tazarar lokaci da adireshin. Kuskuren ɗan Adam yakan zo a cunkushe, huɗu ko biyar cikin minti biyu, sannan shiru. Kuskuren na'ura yakan zo a jere da tazara iri ɗaya, har da tsakar dare. Idan kuwa adireshin na wata ƙasa ne, ko ka ga adireshi ɗaya yana gwada sunaye da yawa kowanne sau ɗaya ko biyu, wannan mai kutse ne ke bin jerin sunaye da kalmomin da mutane suka fi sawa, kuma maganar ta wuce ɗalibi ɗaya, a sanar da mai kula da tsaro a ranar.

Jerin gyaran yana da muhimmanci, domin in aka juya shi aikin banza ne. A fara kashe waifai da data a duk na'urorin ɗalibin ban da guda ɗaya. Sannan a buɗe asusun. Ya shiga a wannan na'urar ta taga mai zaman sirri ta burauza, wadda ba ta ɗauke da tsofaffin kukis, wato bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza, ya rubuta kalmar da hannunsa ba wadda aka cike masa ba. In ya shiga, sai a bi sauran na'urorin ɗaya bayan ɗaya: a goge kalmar da burauza ta adana, a sa wayar ta manta da waifai ɗin makaranta a sake haɗawa, a cire asusun daga manhajar imel a mayar. A kwamfutar Windows a leƙa ma'ajiyar bayanan shiga a share tsohon. Kowace na'ura in an gama da ita a ɗan jira minti goma kafin a kunna ta gaba. Wadda aka kunna kullen ya dawo, ita ce.

Kuskuren hannu kuma yana da nasa sanannun dalilai. Madannin manyan baƙaƙe a kunne. Waya ta mayar da harafin farko babba da kanta. An kwafo kalmar daga saƙo an haɗo da sarari a ƙarshenta. Ƙaramin l da babban I da lamba 1, ko O da sifili, a kalmar wucin gadi da aka rubuta a takarda. Allon madannai ya juye daga tsarin QWERTY zuwa AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, lambobi kuma sai an danne madannin ɗagawa, wato Shift. Kuma ina ba da shawara a hana sa ƙ, ɗ ko ɓ a kalmar sirri, duk da kyansu, domin ranar da yaro ya zauna gaban kwamfutar da ba ta da su ba shi da hanyar shiga. Dabara mai sauƙi ita ce ya rubuta kalmar a gurbin suna inda ake ganin haruffa, ya duba da idonsa, ya goge, in dai ba kowa a bayansa. Sai kuma masu shiga da asusun Gmail na kansu maimakon na makaranta, da masu rubuta suna a gurbin dandali alhali maɓallin shiga ta asusun makaranta ya kamata su danna. Idan lambar tabbaci mai alƙaluma 6 ce ake ta ƙi, a duba agogon wayar. Lambar tana sauyawa duk sakan 30 bisa lokaci, don haka agogon da ya yi gaba ko baya da 'yan mintoci zai riƙa fitar da lambar da ba a karɓa. A mayar da shi kan saitin kai tsaye.

Ka kuma rarrabe kulle da abin da ya yi kama da shi. Asusun da aka dakatar ba ya buɗewa da jira, kuma wani ne ya dakatar da shi da dalili, don haka a tambayi ofishin rajista kafin a taɓa. Ɗalibin da ya shiga amma bai ga darasinsa ba, rajistar darasin ce ta ƙare ko ba a sa shi ba.

Abin da na fi so ka riƙe da ƙarfi shi ne tantance mai neman buɗewa. Ɗage kulle kawai haɗarinsa kaɗan ne, tunda har yanzu sai an san kalmar sirri. Sabunta kalmar sirri kuwa miƙa makullin ne gaba ɗaya, tare da makin ɗalibi da ayyukansa da saƙonninsa. Lambar rajista da ranar haihuwa ba hujja ba ce, abokan ajinsa duk sun sani. Ko ya zo da kansa da katin shaida, ko malamin ajinsa ya tabbatar da shi, ko a tura ta lambar waya ko imel ɗin da ke cikin fayil ɗinsa tun da farko, ba wadda mai kiran ya bayar yanzu ba. Ga ƙananan yara, ta hannun iyaye ko mai riƙon da makaranta ta sani. Kalmar wucin gadi ta zama daban ga kowa, a kuma sa alamar tilasta canjawa a shiga ta farko. Ba wa aji guda kalma ɗaya, ko tura ta a zauren WhatsApp na aji, daidai yake da barin asusun kowa a buɗe. Ka riƙa rubuta wanda aka buɗe wa, da lokaci, da dalili. Bayan wata guda wannan rubutun zai nuna maka ko yara goma ne ke ta dawowa, ko wani ɗakin kwamfuta ne ke da allon madannai mai matsala.

Akwai kuma wanda ake kullewa da gangan. Tunda sunayen shiga kan bi tsari ɗaya da kowa ya sani, ɗalibi zai iya rubuta sunan wani ya yi kuskure sau biyar ana dab da jarrabawa. Kundin zai nuna adireshi da lokaci, kada a ɗora wa wanda aka zalunta laifin sakaci kafin a duba. Ranar jarrabawa a sa kowa ya shiga minti 15 kafin farawa, mai ikon buɗewa ya kasance a kusa. A Moodle kulle ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga, don haka a gargaɗe su kada su fita. Agogon jarrabawa kuwa a uwar garke yake tafiya, ba ya tsayawa don wani ya kasa komawa. Wanda ya yi asarar lokaci a ƙara masa ta hanyar keɓance masa wa'adi a saitin jarrabawar, ba a ƙara wa kowa da kowa ba.

Game da lambobin, ra'ayina shi ne kuskure 3 ya yi tsanani ga makaranta. Yaro mai koyon allon madannai zai cinye uku cikin sakan ashirin. Kuskure 10 da kullen minti 10 zuwa 15 mai buɗewa da kansa ya wadatar: mai gwaji ta wannan ƙofar ba zai wuce gwaji 60 a awa ba, wanda ba komai ba ne a gaban doguwar kalmar sirri. Windows 11 ma tun 2022 saitinsa na asali 10 ne da minti 10. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a ƙa'idarta ta 2017 iyakar da ta sa ita ce kada gwaji a jere ya wuce 100, ta kuma ba da shawarar a daina tilasta canja kalmar sirri lokaci-lokaci sai in akwai alamar ta fallasa. Wannan shawarar ta shafe ka kai tsaye, domin kowane canjin dole yana barin tsohuwar kalma a wayoyi da burauza, kuma makon da ya biyo baya ne layi ke tsawo a ƙofar ofishinka. Asusun malamai da na masu gudanarwa su ne suka cancanci tsauri, ta hanyar tabbaci mai mataki biyu, wato kalmar sirri tare da ƙarin tabbaci kamar lambar da ke zuwa ta waya.

Kada ka manta kai ma za ka iya kullewa. A samu asusun gudanarwa na biyu a hannun wani amintacce, da kalmar sirri daban da ba a adana a kowace burauza ba. In duka biyun suka rufe a Moodle, wanda ke da damar shiga uwar garke zai iya gudanar da reset_password.php da ke cikin admin/cli ya sa sabuwar kalma in ita aka manta, in kuwa kulle ne ya yi amfani da cfg.php ya mayar da lockoutthreshold, wato yawan kuskuren da aka yarda a yi, sifili na ɗan lokaci, wanda ke kashe kullen ga kowa. Da zarar an shiga an ɗage kullen asusun, a mayar da lambar yadda take.